Tambayoyinku: Garin Auduga da Mutanensa Ke Raguwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya ina zaune a Kumo. Ɗana likita ne, ya kammala samun horo a Amurka, kuma ya sanar da mu cewa ya karɓi aikin shekara uku a wani gari mai suna Clarksdale a jihar Misisipi. Ya ce ƙaramin gari ne na auduga, yawancin mutanensa baƙar fata ne, kuma raguwa suke yi, har akwai layukan da gidajensu suka zama kango. Abin ya ɗaure mini kai, domin a iya sanina gari ƙaruwa yake yi, Kumo da na sani ina yaro ba ita ce ta yau ba. Yaya za a yi ƙasa mai albarka ta kasa riƙe mutanenta? Da me waɗanda suka rage suke rayuwa? Mahaifiyarsa kuma tana son ta san ko wuri ne da hankalinta zai kwanta da zamansa. Na gode.

Daga wani mai karatu a Kumo, Jihar Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kuma yi wa likita jagora a inda ya nufa.

Abin da ya faɗa muku gaskiya ne, kuma alƙaluma sun tabbatar da shi, domin Amurka tana ƙidayar jama'arta duk bayan shekara goma tun daga 1790. A ƙidayar 2000 an samu mutum 20,645 a Clarksdale, a ta 2010 suka koma 17,962, a ta 2020 kuwa 14,903 aka samu. Wato cikin shekara ashirin garin ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazaunansa. Idan aka dubi gundumar Coahoma gaba ɗaya, wadda Clarksdale ce hedikwatarta, abin ya fi tsanani, saboda a 1950 mutanenta sun haura 49,000, amma a 2020 saura 21,390. Ƙaramar hukumarku ta Akko kaɗai ta haura mutum 330,000 a ƙidayar 2006, don haka ba abin mamaki ba ne lissafin ya zo muku baƙo. Kimanin mutum huɗu cikin kowane biyar na garin baƙar fata ne, fiye da ɗaya cikin uku kuma hukuma tana lissafa su cikin matalauta.

Garin yana cikin yankin da ake kira Delta, a arewa maso yammacin jihar, wata shimfiɗaɗɗiyar fadama ce tsakanin kogin Misisipi da kogin Yazoo, wadda ambaliyar dubban shekaru ta jibge wa laka mai zurfi, sannan aka gina manyan jinga domin tare ruwan. Ƙasar tana cikin mafi albarka a duk Amurka, kuma har gobe haka take. Saboda haka amsar tambayarku ba a jikin ƙasar take ba. Tana wurin wanda ya mallaki ƙasar, da kuma irin buƙatar da yake da ita ga sauran mutane.

An haramta bauta a Amurka a 1865, kuma a lokacin yawancin wannan yanki kurmi ne da dausayi. Bayan haka ne aka sare shi, jirgin ƙasa ya shigo, Clarksdale ta zama gari a hukumance a 1882. Waɗanda suka yi saran da noman, mafi yawansu 'yantattun bayi ne da 'ya'yansu, amma ƙalilan ne cikinsu gonar ta dawwama a hannunsu. Tsarin da ya kafu shi ne noman kashi-mu-raba. Mai gandu zai ba iyali 'yan ekoki da bukkar katako da alfadari da iri, daga farkon bazara kuma su riƙa karɓar gari da nama da tufafi bashi a kantin gandun. Maigida da matarsa da yara su yi noma su yi ɗibar auduga da hannu, kowa yana jan dogon buhu a bayansa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A ƙarshen shekara sai a je lissafi, mai gandu ne ya sayar da audugar, shi ne ya rubuta bashin, shi ne kuma yake riƙe da littafin, ya cire rabinsa, ya cire bashi da ruwansa daga ɗaya rabin. Iyalai da yawa sukan fito daga wannan lissafi hannu rabbana, wasu ma da sauran bashi a kansu. Babu kuma inda za su kai kuka, domin tsarin mulkin da jihar ta yi a 1890 ya sa harajin zaɓe da jarrabawar karatu waɗanda suka raba kusan dukan baƙar fata da ƙuri'a.

A nan nake so Malam ya tsaya ya tuna zamanin da auduga take tashe a ƙasar Gombe, bayan jirgin ƙasa ya iso a 1963. Manomin Kumo ko na Pindiga shi yake ɗora audugarsa a kan jaki ya kai fuloti, a auna a sikeli yana tsaye, a ƙirga masa kuɗinsa a hannu. Farashin da hukumar ciniki take yankawa ba koyaushe yake da adalci ba, kuma kun fi ni sanin ƙorafin manoma a kan akawun sikeli, amma gonar tasa ce, gadon ubansa ce, ba wanda zai ce masa ya tashi. Manomin Coahoma ba shi da wannan. Zamansa a wurin ya dogara ne kacokan a kan buƙatar da mai gandu yake da ita ga hannuwansa.

Ranar da buƙatar ta ƙare kuwa sananniya ce, kuma a bakin garin nan aka yi ta. A kakar 1944, a gandun Hopson da ke kusa da Clarksdale, aka noma auduga aka girbe ta da injuna tun daga shuka har ɗiba, da injin ɗibar auduga na kamfanin International Harvester. An ƙiyasta cewa inji ɗaya yana yin aikin mutum hamsin. Sauyin bai zo dare ɗaya ba, domin ko da inji ya karɓe ɗiba, ana buƙatar mutane su yi noman ciyawa da fartanya, sai masu gandu suka sallami 'yan kashi-mu-raba suka koma ɗaukar 'yan ƙwadagon yini. Daga baya maganin ciyawa ya zo ya cinye wannan aikin shi ma, sannan a 1967 doka ta wajabta a biya ma'aikatan manyan gonaki aƙalla dala ɗaya a awa, abin da aka yi da kyakkyawar niyya, amma masu gandu da yawa suka ga gara su sallami sauran mutanen da su biya. Aka rushe bukkoki, aka nome gurabensu.

Tun kafin injin mutane sun fara tafiya, suna gudun wulaƙanci da kisan gilla da dokokin wariyar launin fata, amma injin ne ya rufe ƙofar dawowa. Tsakanin wajajen 1910 da 1970 baƙar fata kusan miliyan 6 suka bar jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma, mutanen Delta kuwa akasari jirgin ƙasa na kamfanin Illinois Central suka hau zuwa Shikago. Wannan ba irin ci-ranin da muka sani ba ne, wanda mutum zai tafi bayan kaka ya dawo da saukar ruwan farko, domin wanda ba shi da gona ba shi da abin da zai dawo dominsa. Shi kansa garin bai ji jiki nan take ba, yawan mutanensa ya tsaya a wajen 21,000 daga 1960 zuwa 1980, saboda waɗanda aka kora daga gandaye garin suka fara faɗowa, kuma wasu masana'antu sun zo neman ma'aikata masu arha. Da masana'antun suka samu inda ya fi arha a ƙasashen waje suka rufe, sai raguwar ta iso cikin gari.

Akwai kuma batun makarantu, wanda yake bayyana yadda baƙar fata suka kai huɗu cikin biyar. A Oktoban 1969 Kotun Ƙolin Amurka ta umarci makarantun Misisipi su daina raba yara bisa launin fata ba tare da ƙarin jinkiri ba. Iyalan farar fata da yawa suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da aka buɗe domin haka, wasu kuma sannu a hankali suka bar garin ɗungurungum. A can wani kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati da 'yan sanda da gyaran tituna daga harajin gidaje da filaye na garin yake fitowa. Duk gidan da ya zama kango ragi ne a asusun gari, ga shi bututun ruwa da titunan da aka shimfiɗa wa mutum 21,000 ba sa gajarcewa don mutane sun ragu. Ayyukan hukuma su yi rauni, mai halin tashi ya tashi, asusun ya ƙara raguwa. Matasan da suka yi karatu su ne kan gaba wajen tafiya, su nufi Memfis ko Atlanta ko Dallas, a bar tsofaffi da yara da waɗanda ba su da abin tafiyar.

Bai kamata a ɗauka mutanen garin sun zauna sun naɗe hannu ba ne. Aaron Henry, wani mai kantin magani a Clarksdale, shi ya jagoranci reshen jihar na ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP fiye da shekara talatin, an ɗaure shi, an jefa wa gidansa bam, bai ja da baya ba. Dokar zaɓe ta 1965 ta mayar musu da ƙuri'a, a 1989 kuma Henry Espy ya zama baƙar fata na farko da ya hau kujerar magajin garin. Sai dai ƙuri'a ta dawo, gona ba ta dawo ba. A 1920 manoma baƙar fata a Amurka sun haura 900,000, kusan kashi 14 cikin 100 na manoman ƙasar, a yau ba su kai kashi 2 ba. A ganina wannan shi ne ƙashin bayan labarin: mafi yawan jama'a sun samu mulkin gari a daidai lokacin da dukiyar da ke kewaye da garin ta daina buƙatarsu.

Game da abin da suke rayuwa da shi, noma yana nan kuma yana kawo kuɗi masu yawa, sai dai waken soya da masara da shinkafa sun raba fili da auduga. Gona ɗaya takan kai dubban ekoki, mutane 'yan kaɗan suke juya ta da manyan injuna, ƙananan jiragen sama suna yin feshi, tallafin gwamnatin tarayya na noma kuma mafi yawansa wurin masu manyan gonaki yake tafiya. Aikin albashi a cikin gari yana asibiti da makarantu da ofisoshin hukuma da kantuna, da kwalejin Coahoma wadda aka kafa domin baƙar fata a 1949. Gidajen caca da aka fara buɗewa a maƙwabciyar gundumar Tunica a 1992 sun ɗauki mutane da yawa aiki na wani lokaci, amma kasuwarsu ta ja baya, mafi girmansu ya rufe a 2014. Tsofaffi da yawa kuma fansho da tallafin gwamnati ne abin dogaronsu.

Abin da ya fitar da sunan garin a duniya shi ne kiɗan blues, waƙoƙin da suka tsiro daga wahalar 'yan gandu. Akwai gidan tarihin wannan kiɗa da aka kafa a 1979, ana bukukuwa a watan Afrilu da Agusta, baƙi suna zuwa har daga Turai da Japan, an kuma gyara wasu tsofaffin gine-ginen tsakiyar gari sun zama masauki da gidajen abinci. Wannan alheri ne na gaske, amma ayyukan da yake samarwa kaɗan ne kuma albashinsu ƙarami ne, ba za su maye gurbin masana'anta ba.

Zuwan likita wurin yana da nasaba da duk wannan. Misisipi tana cikin jihohin da suka fi ƙarancin likitoci, kuma tana sahun gaba a ciwon sukari da hawan jini da mutuwar jarirai, tana kuma cikin 'yan jihohin da ba su faɗaɗa shirin lafiyar marasa ƙarfi na Medicaid ba, saboda haka asibitocin karkara suna kula da mutane da yawa waɗanda ba su da abin biya. Domin cike giɓin ne ake da tsare-tsare irin Conrad 30, wanda ya ba kowace jiha damar riƙe likitoci baƙi 30 a shekara, a yafe musu sharaɗin komawa ƙasarsu bayan horo, muddin za su yi shekara uku a yankin da ke da ƙarancin likitoci. Shekara ukun da ya ambata ta yi kama da irin wannan yarjejeniya. Zai tarar da marasa lafiya da suka jinkirta zuwa asibiti har ciwo ya ci jiki saboda tsoron kuɗi, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi aiki a asibitocinmu.

Ga Hajiya kuwa, a gaya mata gaskiya yadda take. Misisipi tana cikin jihohin da aka fi mutuwa ta hanyar bindiga, kuma garuruwan Delta suna da nasu kason na wannan matsala, don haka ya nemi shawarar abokan aikinsa kafin ya kama gida, ya kuma rage yawon dare. Amma mutanen yankin masu gaisuwa ne da girmama babba da riƙo da addininsu, mafi yawansu Kirista ne, kuma garin ya saba da baƙi, tun da daɗewa Kwarori da 'yan Sin da 'yan Italiya suka zauna a cikinsa suna kasuwanci. Birnin Memfis yana da nisan kimanin kilomita 120, bai kai Gombe zuwa Bauchi ba, kuma a can akwai masallatai da kantunan naman halal da filin jirgin sama. Mota dole ce a gare shi, domin babu motocin haya da za a dogara da su.

Tun da Malam malamin gona ne, ba zan rufe ba sai na taɓo namu. Audugar Gombe ita ma ta faɗi, bayan an rushe hukumomin ciniki a 1986 kuma masaƙun Kaduna da Kano suka durƙushe, amma ƙauyuka ba su watse ba, saboda manomi ya juya gonarsa zuwa masara da wake da riɗi. Ba na adawa da tarakta ko maganin ciyawa, duk wanda ya yi noman rani da damina da fartanya ya san abin da suke sauƙaƙawa. Abin da yake damuna shi ne yadda magada suke sayar da gonakin gado ga masu kuɗin birni, a raba kuɗin su ƙare cikin shekara guda, a daidai lokacin da feshi ya riga ya rage aikin 'yan ƙwadago. Wanda ya sayar yau yana fatan ya ci abinci da ƙwadago a gonar da ta kasance ta ubansa, ya kamata ya san cewa mai gonar ba zai buƙace shi har abada ba.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce mai karatun tattalin arziki a Bauchi. Na karanta cewa a Amurka iyali mai mutum huɗu da ke samun dala 30,000 a shekara ana lissafa shi cikin matalauta. Idan aka canza wannan kuɗi zuwa naira ai miliyoyi ne masu yawa. Anya wannan talauci ne, ko dai shagwaɓa ce?

Daga wata ɗaliba a Yelwa, Bauchi.

AMSA: Malama, adadin da kika karanta daidai ne, shi ne ma'aunin gwamnatin tarayyar Amurka na 2023, a 2024 kuma ya koma dala 31,200. Na haɗa tambayarki da ta sama ne saboda a garuruwa irin Clarksdale ake ganin ma'anarsa, inda abin da matsakaicin gida yake samu bai wuce rabin na matsakaicin gida a ƙasar ba.

Kuskuren yana wurin canjin, domin mai dalar ba a kasuwar Wunti yake cefane ba. Wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Mollie Orshansky ce ta tsara ma'aunin a farkon shekarun 1960, ta lissafa mafi ƙarancin kuɗin abincin da iyali zai rayu a kai ta ninka shi uku, saboda a lokacin abinci yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin gida. Tun daga nan hauhawar farashi kawai ake ƙarawa a kai, alhali haya da magani sun yi tashin da ya zarce na abinci nesa ba kusa ba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, Misisipi kuma ba ta da dokar kanta da ta ɗara wannan. Wanda ya yi awa 40 a mako shekara guda cur a kan wannan albashi zai tashi da dala 15,080. Daga ciki zai biya hayar gida kowane wata, da wuta da gas, da mota da manta da inshorarta, tun da ba tare da mota ba ba zai isa wurin aiki ba. Inshorar lafiyar iyali da ake samu ta wurin aiki ta kai kusan dala 24,000 a shekara a 2023, ma'aikaci yana biyan fiye da 6,000 daga aljihunsa, wanda ba shi da inshora kuma kwana biyu a gadon asibiti na iya jefa shi cikin bashin shekaru.

Duk da haka kina da hujja ta wani ɓangare, bai kamata a daidaita talaucin biyu ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta samu a 2019 cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara, kuma talakanmu yakan rasa ruwan sha mai tsabta da wutar lantarki da ajin da ɗansa zai zauna. Talakan Delta yana da famfo da lantarki da makarantar gwamnati kyauta, yana kuma iya samun katin tallafin abinci na SNAP. Abin da yakan rasa shi ne gonar da zai ci daga gare ta idan aiki ya tsaya, da dangi a kusa, tun da yawancinsu sun yi ƙaura. Idan za ki yi rubutu a kan wannan a makaranta, ki kwatanta ƙasashen biyu da ma'aunin ƙarfin sayayya wanda Bankin Duniya yake amfani da shi, wato abin da kuɗin yake iya saya a inda ake kashe shi, kada ki yi amfani da farashin 'yan canji.